Gyaɗa a Bakin Raga

Ni gola ne. Ko yanzu da gwiwata ta dama ke ƙara in na taso daga sujada, idan ka sauka a tashar Magarya ka ce ina gidan gola, ƙofata za a nuna maka. Ba wanda zai ce gidan mushe, wato malamin makaranta, alhali shekarun da na yi da alli a hannu ina koyarwa a lakwal, makarantar boko, sun ninka waɗanda na yi a raga. Ban taɓa jin haushin haka ba. Koyarwa abinci na ci da ita, raga kuwa raina ne.

Ƙungiyarmu ta ƙwallon ƙafa ta girme ni. Zamanin da gyaɗa ke da daraja aka kafa ta, 'yan kasuwar gari suka ɗauki nauyinta, har ta kai ana biyan 'yan wasa ƙarshen wata kamar ma'aikatan gwamnati. Mun hau bayan kamyo, babbar motar kaya, mun je Damagaram, mun je Maraɗi, sau ɗaya har Yamai, inda aka zuba mini uku na dawo da labarin da har yau ban gama bayarwa ba. Ba kuma rana ɗaya ta mutu ba. Masu ɗaukar nauyi suka tsufa, wasu suka riga mu gidan gaskiya, samari suka tsallaka Daura da Kano neman abinci. Wata shekara ba mu kai takardunmu wurin 'yan lig ba, masu shirya gasa a Damagaram, shekarar da ta biyo ba wanda ya ma tuna.

Fili ya rage a yammacin gari, da turakun ragarsa na ƙarfe a tsaye. Fili kuwa a gari in ba kowa a kansa, yau a zuba shara, gobe wani ya sauke bulo, jibi ka ji an yanka shi an raba. Sai dattawan ƙungiya da suka rage suka kira ni suka ce sun ba ni aronsa in riƙa nomawa. Hikimarsu ita ce a ƙasarmu ba a taɓa gonar da ke da shuka. Ko mai gonar ne da kansa ya ba ka aro, in iri ya shiga ƙasa sai ya jira kaka. Na karɓa, na raba shi biyu. Gabas tudu ne, na ɗauka. Yamma, daga tsakiya har bakin raga, kwari ne mai riƙe laima, na ba uwar yara ya zama gayaunarta, abin da ta samu nata ne.

Ni irin kasuwa nake shukawa, gyaɗa mai tsaye, fara, wata uku ta ƙosa. Nata daban ne. Mai yaɗo ce, ƙwayarta ja wur, ga yawan mai, kuma ba ta gaggawa, sai ta cika wata huɗu a ƙasa. Saboda wannan jinkirin mutane suka watsar da ita tun da damina ta fara gajarta. Mahaifiyarta, Allah ya jiƙanta, ita ta ba ta a ɗan tulu sa'ad da aka kawo ta gidana daga wani ƙauye a ƙasar Kwaya, ita ma a hannun tata uwar ta karɓa. A gidanmu 'yar tsohuwa muke ce mata. Kowace kaka uwar yara takan zaɓi masu ƙiba, ta zuba a tulun da toka, ta liƙe bakinsa da laka. Ko da shuka ba ta juye shi duka, takan bar tafi biyu a gindi saboda halin damina.

A shekarar da nake ba da labari ruwan fari ya yaudare mu. Muka yi shuka, tsiro ya fito gwanin kyau, sai sama ta ɗauke ƙafa kusan mako uku, komai ya ƙone. Da ruwa ya dawo na je kasuwa na auno tiya biyu na sake shuka. Ita kuwa ba kasuwar da za ta je. Ta ɗauko tulun ta kife shi a faifai, ta kaɗe gindinsa, ta shuka abin da ya fito har ƙwayar ƙarshe. Na gani da idona, don ni na riƙe mata faifan. Kada wani ya ce ban sani ba.

Kaka ta kusa sai ga Alhaji a ƙofata da ƙullin goro. Ɗan garinmu ne, fataucin riɗi da wake ya ɗaukaka shi, gida nan gida Kano. Na koyar da shi a aji, lokacin kansa ba ya ja a lissafi, ga shi yanzu lissafin nasa ya fi ƙarfina. Ya cire takalmi ya zauna gefen tabarma kamar ba shi ba.

Ya ce, "Mushe, na karɓi ƙungiya a hannun dattawa, da sunan da takardun duka. So nake ta tashi kuna da rai."

Na yi hamdala, na sa masa albarka. 

Ya ce, "Abu ɗaya ne. Nan da mako uku 'yan lig za su zagayo duba filaye. Wanda ba a duba nasa ba, sai baɗi. Na biya ta can na gani, gyaɗarka ta kusa, ta Inna da saura. Ni ba zan sa hannu a shukar kowa ba. In baɗin ce, Allah ya kai mu."

Yaron nan ya yi abin da ya kamata, ban da abin da zan ɗora masa. Amma kalmar baɗi ta tsaya mini a wuya. Cikin goma sha ɗayan da muka je Yamai, mu huɗu muka rage, ɗaya ma ba ya gani. Wa ya ba ni takardar baɗi? Bayan ya tafi na kasa zama. Na shiga gida na fito, na ɗauki buta na ajiye, na leƙa rumbu ban san abin da nake nema ba. Da la'asar na tafi fada, gindin dogon yaron da muke shan shayi.

Labari ya riga ni. Taubashina na zaune, ɗan kawuna, wanda ya tsare mini baya shekara da shekaru a fili, yanzu dillalin awaki ne. Tsakaninmu wasa halal ne, tun muna yara ba ya raga mini ba na raga masa. Yana hango ni ya ce, "Ku matsa wa mai tsaron gyaɗa. Da ƙwallo yake hanawa shiga raga, yanzu ƙungiya ɗungurungum ya hana shiga fili."

Aka yi dariya, ni ma na yi, ta yaƙe.

Ya ƙara da cewa, "Ku daina ganin laifinsa. Ai sai ya tambayo cikin gida."

Wannan ita ta same ni. Na ajiye kofin shayi na miƙe, na rantse da Allah a gaban mutum ya fi goma, na ce ranar da 'yan lig za su zo ko ganye ɗaya ba za su tarar a filin ba. Dariya ta tsaya. Taubashina ya ce in zauna, wasa yake, na ce ni ba wasa nake ba. Kafin magariba wani ya kai wa Alhaji, shi kuma ya ɗauka an daidaita a gida, ya buga waya Damagaram aka sa sunanmu cikin waɗanda za a duba. Magana zarar bunu ce.

Da safe na same ta a tsakar gida tana matsar tunkuza, mai na gangarowa cikin kwano. Na tsaya a kanta na yi ta kewaye-kewaye, ƙungiya kaza, gari kaza, samari kaza. Hannunta bai tsaya ba.

Ta ce, "Ka rantse?"

Na ce, "Na rantse."

"Da gonar wa?"



Ta ce, "Malam, ba komai a tulun."

Na ce na sani.

Ta ce, "To."

Da ta yi faɗa da na ji daɗi, don faɗa na iya shi. Na tsaya ina jiran ta ƙara ko kalma ɗaya, ta ɗauki wani curin ta ci gaba da matsa. Da Alhaji ya gane ba a daidaita ba, hankalinsa ya tashi, ya aiko cewa zai kawo mata buhunan gyaɗa ninkin abin da gonar za ta bayar. Ta ce in ce masa ta gode, Allah ya ƙara buɗi, amma ita ba buhu take nema ba. In aka tuge gyaɗa ba ta ƙosa ba, a iya dafawa a ci, a ba dabbobi harawa, amma ba ta yin iri. Abin da ke ƙasan nan shi ne ƙarshen 'yar tsohuwa.

Daga ranar ban ƙara zama wuri ɗaya ba. Na cire tawa gyaɗar, ta ƙosa lafiya, na jibge ta a bayan ragar yamma na tsinke, na rataye harawar a kan ƙarfen sama ta bushe. Sannan na sa tata a gaba. Kullum in an fito asuba sai in wuce fili, in tone gindi ɗaya, in ɓare kwanso in duba cikinsa. Gyaɗar da ta ƙosa cikin ɓawonta yakan yi duhu, ƙwayar ta cika ɗaki. Wannan kuwa fari fat kamar auduga, ƙwayar 'yar tsito, ka latsa ruwa ya fito. Na san ba a kwana ɗaya za ta sauya ba, amma gobe sai in koma in tone wani. Rana ta biyar uwar yara ta ga ƙasa a farcena ta ce, "In ka ci gaba da dubawa, ba sai an kira gayya ba."

Na yi hayar amalanke na kai jarkokin ruwa na zuba, wai ko ta yi sauri. Wani tsoho da ke da gona kusa ya tsaya ya dogara hauya yana kallona, ya ce, "Mushe, ba ƙishirwa take ji ba. Kwanaki take ƙirgawa." Na haƙo gindi shida da ƙasarsu na dasa a tsofaffin bahuna na kai gida. Kwana uku suka yi laushi suka kwanta. Uwar yara ta zare su ta ba akuya, ta wanke bahunan.

Sai na ce ai ba ita kaɗai mahaifiyarta ta haifa ba, kuma ba ƙauyensu kaɗai ya san irin ba. Na hau moto, wato babur, na nufi Kwaya wurin ƙanwarta. Ta yi murnar ganina, ta kawo fura, muka gaisa. Da na kawo maganar sai ta ce, "Ai nawa ɓera da farin bara sun gama da shi. A wurin Yaya nake sa ran samu bana." Na shanye furar ban ji ɗanɗanonta ba, ban kuma gaya mata abin da ya kawo ni ba.

Na ci kasuwar Guci, na bi layin masu gyaɗa daga farko har ƙarshe. Ba ni da ko ƙwaya ɗaya da zan nuna, sai kwatance da baki: ja ce, mai yaɗo, wata huɗu. Matan suka yi ta miƙo mini wata 'yar ƙarama mai ja-ja, in ɓare in ce ba ita ba ce. Wata ta ce, "Baba, gyaɗa kake nema ko amarya?" Na ce mata in ba ta da shi ta ce babu, ta bar ni da abin da ya dame ni. A Sassumbrum, bayan moto ya kayar da ni sau biyu a rairayi, aka kai ni wurin wata tsohuwa da aka ce ba irin da ba ta sani ba. Ta saurare ni, idonta ya yi haske, ta ce ta san ta sarai, da ita aka yi man aurenta.  Sai ta ce, "Rabona da ita tun mai gidana na da rai. In ka samu, ɗana, ka kawo mini ko tafi ɗaya."

Akwai mafita, kada in ɓoye. Limamin unguwarmu ya tare ni ya ce rantsuwa irin wannan tana da kaffara, in ciyar da miskinai goma, shi ke nan na sauke. Taubashina ya zo har gida, shi da bai taɓa ba ni haƙuri ba a duniya, ya ce bakinsa ne ya jawo, in bari ya je ya gaya wa Alhaji a janye. Alhaji ma ya ce kalma ɗaya yake jira. Na ce musu an riga an kira samari daga Dungas da Guci, an kai wa tela yadin mayo, rigunan wasa, gari duka ya ɗauka, ina za a sa fuska. Duk gaskiya ne. Amma babbar gaskiyar ita ce ba rantsuwar ta ɗaure ni ba. So nake. Ina son in ga an daki ƙwallo a filin nan kafin in mutu, kuma son ya fi ƙarfin kunyar matar da na yi shekara talatin da wani abu ina cin tuwonta.

Rana ba ta ƙarya. Saura kwana biyu 'yan lig su zo na kira gayya. Samarin da aka tara wa ƙungiya suka zo da hantsi, kowa da hauyarsa, da 'yan unguwa, da taubashina. Alhaji bai zo ba, na kuma gane dalili. Na tone gindi ɗaya na ƙarshe na ɓare. Fari ne, ya dai fara shigar da ɗan duhu a gefe. Da za a ba ta mako biyu da ta kai.

Na ce bismilla, a fara. Ba wanda ya motsa.

Na sake cewa a fara, na ɗaga murya. Samarin suka dubi ƙasa. 'Ya'yan manoma ne duka, ba wanda aka haifa a gidan da ake tuge ɗanyar shukar wani. Wani dogo daga Dungas, wanda daga baya ya zama kyaftin ɗinmu, ya ce, "Baba, ka yi haƙuri. An ce gonar Inna ce. In mai ita ta fara, za mu bi." Na juya wurin taubashina, ya kau da kai. Na zage su, na ce ragwaye ne, na ce a zamaninmu in babba ya yi magana an gama. Na sunkuya na kama gindi ɗaya da hannu biyu. Ni da na yi mako biyu ina tonowa kullum, ranar sai hannuna ya ƙi. Dubawa daban, tugewa daban.

Muna tsaye a haka, rana na ƙara zafi, sai ga ta nan tafe daga bakin hanya da mayafinta. Ban aika mata ba. Ta gaida mutane, aka amsa. Ta shiga cikin gonar a hankali tana ɗaga ƙafa kada ta taka yaɗo, har ta kai daidai inda ake ajiye ƙwallon fenariti. Ta sunkuya ta tuge gindi ɗaya, ta kaɗe ƙasar, ta dubi fararen kwansunan da ke reto. Sannan ta zo ta sa mini shi a hannu.

Ta ce wa samarin, "Ku yi aikinku, 'ya'yana. Allah ya ba da sa'a."

Ta juya ta tafi gida. Ta fitar da ni kunya a gaban gari, kuma ban taɓa jin kunya kamar ta ranar ba. Kafin azahar fili ya zama kamar tafin hannu. Ba a yi waƙar gayya ba, furar da na saya ma rabi aka sha.

Muka kwashe komai zuwa gida. Ta shanya, ta tsinke, ta zauna kwana da kwanaki tana ɓarewa ɗaya bayan ɗaya. Ƙwayoyin sun motse kamar fatar tsohuwa. Ta ware 'yan masu dama-dama, ta naɗe su a jiƙaƙƙen tsumma ta ajiye a inuwa, ta ga ko za su tsiro. Ni ne mai zuwa buɗe tsumman, safe da yamma. Suka yi baƙi suka ruɓe, ko ɗaya bai fasa ba. Ta wanke tulun ta kife shi a bayan ɗaki.

'Yan lig suka zo, su uku da igiyar awo. Mun baje ƙasa, mun ja layi da toka, mun shafa wa turaku farin fenti. Suka auna, suka jijjiga ƙarfen raga, suka ce a kafa shinge ta gefen hanya, suka sa hannu. Ko rabin awa ba su yi ba.

Ranar wasan farko gari ya fashe. Alhaji ya sa aka ajiye mana kujeru mu huɗu a gaba, har da wanda ba ya gani, ana ba shi labari a kunne. Aka sa mini sabuwar mayo a kan rigata. Da samarin suka fito da launinmu na da, kore da fari, sai na ji hawaye na bin gemuna, ban share ba. Muka ci ɗaya. Na tashi da wannan gwiwar na yi tsalle, na rungume taubashina, na manta da komai. Zan so in ce farin cikin bai cika ba, amma ƙarya zan yi. Ya cika fal, kuma shi ne abin da ya fi damuna in na tuna. Da na dawo gida ta ce ta jiyo ihu tun daga nan, ta ce, "Kun ci?" Na ce mun ci. Ta ce, "Madalla," ta kawo mini ruwa.

Alhaji ya ba ni kula da fili da horar da masu tsaron raga. Rani ya wuce ina ta zirga-zirga. Duk ƙauyen da ƙungiya ta je wasa, samari su nufi fili ni in nufi kasuwa. A gida ba ta canza mini fuska ba, tuwona a kan lokaci, wankina a kan lokaci. Ta koma sayen gyaɗa a kasuwa tana yin ƙuli-ƙulinta. Sau ɗaya kawai na ji ta gaya wa wata mai sayen mai cewa ta yi haƙuri, na bana ba ya ƙamshi kamar na da.

Damina ta sake faɗuwa. Kwanaki kaɗan bayan ruwan fari na je duba inda ruwa ya kwanta a fili, sai na ga ganye a gindin turken ragar yamma. Gyauro ne, gyaɗar da ta saura a ƙasa ta tsiro da kanta, gindi biyar. A gefenta, a bakin gayaunarta. Na durƙusa a cikin laka na yi hamdala. Na ce wasu ƙwayoyin sun riga sauran ƙosawa, sun tsinke a ƙasa ranar gayya, Allah ya ɓoye mana su.

Na kewaye su da ƙaya. Kwana biyu ƙayar ta fasa ƙwallo, mai horar da samari ya kai ƙarata wurin Alhaji, Alhaji ya ce a bar Mushe da abinsa. Na cire ƙaya na jera bulo. Na kawo kujerata na kafa a bayan ragar, in ana atisaye ni ke tare duk ƙwallon da ya yi waje ta nan, in ba a yi ina korar awaki. Gari ya samu abin dariya. Taubashina ya ce ashe sunan da ya sa mini ya bi ni, na ce ya bi ni ɗin. Wannan karon ko gindi ɗaya ban tone ba.

Ya kamata in lura ba ta yaɗo. Tsaye take tana tashi kamar tawa. Na gani, amma na ce ƙasar ce ta yi tauri da takun samari, shi ya sa ta kasa shimfiɗuwa. Na kuma manta, ko na sa kaina na manta, cewa a daidai nan na jibge tawa gyaɗar na tsinke. Na matsa wa uwar yara sai da ta zo ta gani. Ta tsaya a kan bulon ta duba, ta ɗan jima, ta ce, "Allah ya raya." Ta koma gida.

Na ba ta wata huɗu cur, ko da ganyen ya yi rawaya tun da wuri. Wata safiyar Asabar, ranar da muke da wasa da yamma, na tone su da hannu, na tankaɗe ƙasar wurin kada ɗaya ta ɓuya. Abin bai cika hulata ba. Ban ɓare ko ɗaya ba, na ce hannunta ne zai fara. Na same ta a tsakar gida, na durƙusa na ajiye hular a gabanta.

Ta ɗauki kwanso ɗaya ta latsa da babban yatsa. Cikin ɓawon ya yi duhu, ƙwaya biyu sun cika ɗaki. Farare ne.

Ta ce, "Taka ce, Malam. Tun ranar da na je na gane."

Na ce, "Me ya hana ki faɗa mini?"

Ta ce, "Na ga ta zaunar da kai wuri ɗaya. Na ce bari in bar ka ka huta."

Ta tashi ta hura wuta, ta ɗora kasko da rairayi, ta soya su duka. Ina zaune ina kallo, tulun na kife a bayanta inda ta bar shi tun bara. Ta ƙulle su a takarda ta miƙo mini, ta ce in yi sauri kada a fara ban je ba.

Na sa a aljihu na tafi fili, na zauna a kujerata a bayan raga. Ƙullin na da ɗumi a cinyata har aka tafi hutun rabin lokaci. Taubashina ya ji ƙamshi ya miƙo hannu, na ce ba ta ci ba ce.